Yashi a Bayan Ɗan'iya

A Fakku, da zarar an gama yankan dawa, an ɗaure dammuna an kai rumbu, hankalin gari sai ya koma fagen kokawa. Haka aka taso aka tarar. Yara ke fara shiga su share fage tun rana na da sauran zafi, sannan samari su karɓa, manya kuma sai inuwa ta yi tsawo. To a bana fagen yaran ya zama abin tausayi, kuma yaro ɗaya ne ya jawo haka: Haliru, jikan Ɗan'iya.

Shekarun Haliru goma sha huɗu, amma tun bara babu sa'ansa da bai kai ƙasa ba, daga Fakku har ƙauyukan da ke kewaye da ita. A kokawa, mai neman abokin karawa zagaya fage yake yi, ya tsaya gaban wanda yake so ya miƙa masa hannu biyu. In wancan ya yarda ya miƙe, in bai yarda ba ya girgiza kai. Haliru sai ya zagaye fagen nan kaf, hannuwa a miƙe, yaran kowa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa, wani ma a lokacin zai tuna an aike shi. Daga ƙarshe ya dawo ya zauna kusa da kakansa, jikinsa ko ɗigon gumi babu.

Shi kuwa Ɗan'iya daɗi yake ji, har da gyara zaman hula. Tsohon ɗan kokawa ne, wanda a zamaninsa ake tasowa daga Jabo da Tambuwal don a gan shi a fage. Yakan ce tun ranar da ya shiga cikin samari bayansa bai taɓa ƙasa ba. Ko gaskiya ne ko da ƙari, Allah masani, don waɗanda za su iya musa masa duk sun riga mu gidan gaskiya, sai Na'iya makaɗi, shi kuma in ka tambaye shi sai ya jefa goro a baki ya kama wani zance. Yanzu dai Ɗan'iya ya kusa saba'in, gwiwarsa ta dama tana sanar da shi zuwan hadari tun kafin kowa ya gani, amma ƙirjin nan da faɗin kafaɗar suna nan ba su gama tafiya ba.

Wata safiya yana zaune a ƙofar gida yana tufka igiya, sai ga Kamilu ya faka mashin. Kamilu ɗan kabu-kabu ne, kuma shi ne shugaban samarin kokawa na garin, shi ke kwasar su zuwa duk inda aka kafa fage. Ya cire takalmi, ya durƙusa, aka gaisa har aka tambayi lafiyar awaki.

"Baba, wurinka niz zaka," in ji Kamilu. "Gasar Kebbe ta matso. 'Yan Tambuwal na tafe, 'yan Jabo na tafe. Muna son ka ba mu Haliru shi shiga cikin samari."

Ɗan'iya bai ɗaga kai daga igiyarsa ba. "Samari? Yaron da ko gashin baki bai tsiro ba?"

"Baba, yaron ga ba shi da abokin karawa. Kai ma kana gani. Shekaranjiya na ishe shi bakin shagon caji yana kallon ƙwallo cikin waya, ana kiɗa fage ko waiwayawa bai yi ba. In munka bar shi haka, barin kokawa za shi yi. Na yi magana da ubanai can tashar Tambuwal, yac ce shi tuƙin mota yas sani, maganar Haliru tana hannunka."

"To ai kai ma ka san in anka kaɗa mashi take cikin samari, ya bar fagen yara ke nan har abada, ba a komawa. In ƙattan Jabo sunka ɓalla shi fa? Ina za shi koma? Ka san Mannir mai sai da rake? Tare munka tashi. Gaggawa anka yi mashi, anka sa shi cikin waɗanda sunka girme shi, kafaɗatai tag goce. Har yam mutu bai sake ɗaga galma da hannun ga ba."

Kamilu ya gyaɗa kai, don maganar gaskiya ce.

Ɗan'iya ya ga ya samu sa'a, sai ya ƙara da wadda ya tabbata za ta rufe bakin kowa. A gidansu akwai al'ada tun kakanni: yaro ba ya shiga fagen samari sai ya kayar da wanda ya koya masa. Ba a gaban jama'a ake yi ba, su biyu ne a kan yashi, amma sai an yi.

"Ka san dokar gidanmu," ya ce. "To yaron ga kullum maraice nika kada shi, ni da gwiwa guda. Wanda tsoho ka kayarwa, shi za ka kai ma samarin Tambuwal? Ran da yak kada ni, ka zaka ka ɗauke shi."

Kamilu ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya dubi ƙasa ya ciji leɓe. Ya yi sallama ya buga mashin ya tafi. Ɗan'iya ya ɗauka kunyar rashin hujja ce ta sa shi cizon leɓe.

Ya ci gaba da tufkarsa, amma zuciya ta riga ta tafi baya. Ya tuna kawunsa Ɗanmaliki, wanda ya koya masa, mutum gajere mai wuya kamar turmi, ba ya dariya sai ya kayar da kai. Ya tuna yadda suke tafiya Jabo a ƙasa, su kwana a hanya, a sauke su gidan wanda za su kara da shi gobe, a kawo tuwo su ci kwano ɗaya da shi, da gari ya waye kowa ya nemi kai ɗan'uwansa ƙasa. A lokacin babu usur, babu lasifika, babu mai ɗaukar ka a waya. Ganga ce kawai, da Na'iya yana yaro siriri yana kaɗa takenka har ka ji tsikar jikinka ta tashi, da 'yan mata a gefe guda suna waƙa, wadda ta ga ka burge ta ta fito da gudu ta share maka gumi da kallabinta. Da irin wannan kallabin ya san matarsa Zahara'u, wadda yanzu take cikin gida tana faɗa da kaji. Yanzu kuwa an raba mutane aji-aji kamar 'yan makaranta, 'yan ƙasa da shekara kaza a nan, 'yan sama da kaza a can, kowa da riga mai lamba. Ba ya cewa na yanzu ba kokawa ba ce. Kewar ta da ce kawai ke damun sa, kuma duk garin babu wanda yake zama ya saurari labarinta har ƙarshe sai Haliru.

Nan ne gaskiyar take. Tsoron karaya da ya faɗa wa Kamilu ba ƙarya ba ne, amma rabi ne. Haliru yana ɗan shekara biyar aka bar musu shi, lokacin da ubansa Abdulkarimu ya kwashe iyalinsa ya koma Tambuwal saboda aikin mota. Tun daga nan, kullum bayan la'asar, tsoho da jika sai su gangara ƙoramar bayan gari inda yashi yake da laushi, su tuɓe riguna su rataye a jikin wata ƙaya, su kama. Ɗan'iya na kiran sa "rago", shi kuma yana kiran sa "tsoho mai ƙafa ɗaya", su dawo gida suna musu. Yaron da ya shiga samari kuwa ya zama na samari. Da su zai yi atisaye, da su zai zauna, bayan mashinansu zai hau zuwa Kebbe da Tambuwal da inda duk aka kafa fage. Gwiwar Ɗan'iya ba ta iya doguwar tafiya a kan mashin. Ya san ranar da ya ce "je ka", la'asar ɗinsa ta zama babu kowa a ciki, kuma abin yana ba shi tsoro fiye da yadda wani ƙato ya taɓa ba shi a fage.

Da azahar ya shiga gida. Zahara'u na zaune tana tankaɗen gari, ta ji duk abin da aka yi a ƙofar gida, don katangar zana ba ta ɓoye magana.

"Malam, na ji kana faɗin kullum kaka kada maigidana," ta ce. Haka take kiran Haliru, irin wasan kaka da jika.

"Ƙarya niy yi?"

"Ni ban ce ba. Amma ranar da anka kawo gero daga gona, wa yas sauke buhunnan daga amalanke?"

"Shi na."

"Shi kaɗai, ko da mai kama mashi?"

Ɗan'iya ya kawar da kai.

"To ni dai na san buhun gero, kuma na san ka," in ji ta, tana buga rariya a tafin hannu. "Shekara nawa nika wanke rigunanka, ina ganin suna ƙara yi maka yawa. Yau in kun tai rairai, ka bar kallon ƙafafunai, ka dubi inda shika faɗuwa."

"Ke mi kis sani ga kokawa?"

"Ba ni sanin komi. Mai sharar gumi ta kawai."

Ya fita yana gunaguni, ko furar da ta dama masa bai sha ba.

Bayan la'asar suka gangara ƙorama kamar kullum. Haliru na gaba yana ba shi labarin wani malaminsu, Ɗan'iya na biye yana kallon bayan yaron. Yaushe kafaɗun nan suka buɗe haka? Kullum yana tare da shi, shi ya sa bai gani ba. Suka rataye riguna, suka naɗe ƙafar wando, suka sunkuya suka kama.

Ɗan'iya ya yi abin da ya saba. Ya tura, ya ja, ya saƙa ƙafarsa ta hagu a bayan ta yaron ya taɗe. Haliru ya tafi ƙasa. Amma yau tsohon ya sa ido, sai ya ga abin da ya daɗe yana faruwa a gabansa. Tun kafin ƙafar ta gama sarƙewa yaron ya riga ya saki jiki. Kuma ba baya ya faɗi ba inda taɗiyar ta tura shi, gefe ya karkata, ya janyo kakansa ta ɓangaren gwiwa mai lafiya, hannunsa ɗaya na tallafe da ƙugun tsohon har suka isa ƙasa, don kada gwiwar dama ta daki yashi. Sannan ya kwanta yana nishi, har da cewa, "Kai, Kaka, yau ma ka sha da ni."

Ɗan'iya ya miƙe a hankali. Kunya ce ta fara kama shi, mai zafi, har kunnuwansa. Ashe abin da ya sa Kamilu cizon leɓe ke nan. Ashe duk gari sun sani. Bayan kunyar sai wani abu mai nauyi ya biyo, da ya tuna yaron nan yana zagaya fage da hannuwa a miƙe babu mai tashi, ya dawo nan kuma ya kwanta a ƙasa da gangan don ran wani tsoho ya yi fari.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Mi, Kaka?"

"Kak ka maishe ni yaro. Tun yaushe kaka faɗuwa da gangan?"

Haliru ya tashi zaune, ya sunkuyar da kai yana cusa yatsu cikin yashi. Da ƙyar ya ce, "Tun damanar bara."

"Kana son shiga samari?"

Haliru ya ci gaba da tonon yashi.

"Magana nika yi maka."

"Ina so," in ji yaron, muryarsa can ƙasa. "Amma ba ni son in kada ka. Kowa ya san bayanka bai taɓa ƙasa ba. Ba ni son a ce ni na."

"To wa kaka son a ce? Ciwon gwiwa?" Ɗan'iya ya tofa yawu a tafin hannu ya murza. "Tashi. Wallahi in kas sake faɗuwa da gangan, ni da kai mun gama zuwa wurin ga. Kama ni awa ɗan Jabo na gabanka."

Haliru ya miƙe, idanunsa sun kawo ruwa. Suka sunkuya.

Wannan karon Ɗan'iya bai yi wasa ba. Duk abin da ya rage masa ya fito da shi. Ya shiga da kai, ya nemi ƙugu, ya yi wata gociya da bai taɓa koya wa yaron ba, wadda ya ajiye wa kansa tun zamanin Kawu Ɗanmaliki. Har ya ji Haliru ya yi taga-taga da gaske. Na ɗan lokacin nan gwiwar ta daina ciwo, numfashi ya buɗe, ya ji kamar in ya ɗaga kai zai ga fage cike da mutane. Daɗin da ya ji bai san yana nan da sauransa a duniya ba.

Sai yaron ya kafe ƙafafu. Ɗan'iya ya tura, ya ji kamar gindin kuka yake turawa. Hannuwa biyu suka zagaye ƙugunsa suka haɗe a baya, kafin ya yi wani tunani ƙafafunsa sun bar ƙasa. Haliru ya cicciɓe shi sama cak, ya tsaya da shi a haka. Daga can saman Ɗan'iya na hango karan dawa da aka tara a gonakin hayi, da wasu shanu suna gangarowa ruwa.

"Kaka, ya isa hakanan?" in ji Haliru, fuskarsa a manne da cikin tsohon.

"Ba a kaye sama, rago. Kai ni ƙasa."

Yaron ya durƙusa a hankali, ya kwantar da shi kamar mai ajiye tulu cike da ruwa, hannu ɗaya a bayan kansa. Bayan Ɗan'iya ya taɓa yashi. Da ɗumi yake, ɗumin ranar da ta wuni a kansa. Ya kwanta yana kallon sama yana mayar da numfashi, yana jiran baƙin ciki ya zo. Ya zo ɗin, amma bai kai yadda ya zata ba, kuma tare da shi akwai alfaharin da ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa shi.

Haliru kuwa kuka yake yi sosai, irin na ƙananan yara, da majina da komai. Ya kama hannun kakansa ya tayar da shi, ya zagaya baya ya fara kakkaɓe masa yashin da ya manne da gumi tun daga kafaɗa har ƙugu.

"Bari," in ji Ɗan'iya.

"Rairai na, Kaka, duk ya..."

"Na ce ka bari. Ɗauko mani rigata. Kuma share fuskar ga, kak ka ba ni kunya."

Ya karɓi rigar, bai sa ba, ya rataya ta a hannu. Kuma bai bi ta lungun bayan gida ba inda suka saba bi. Ya miƙe ta babbar hanya, ta gaban masu tuyar ƙosai, ta gaban shagon caji, dattijo ɗan kusan saba'in ba riga, yana ɗingishi, bayansa fari fat da yashi. Mata suka bar abin da suke yi. Yara suka biyo su a nesa, babu mai dariya. Haliru na biye da shi kai a sunkuye kamar shi aka kayar.

A gindin bishiyar bedi da ke bakin kasuwa samarin kokawa na zaune a kan mashinansu, Na'iya makaɗi na gefe a kan tabarma yana ɗaure fatar ganga. Ɗan'iya ya yi sallama aka amsa. Sai ya juya musu baya, ya tsaya kamar mai duban wani abu a hayin hanya, ya daɗe a haka don kowa ya gani da kyau. Na'iya ya ajiye gangar, ya dubi bayan abokinsa, ya cire hula ya sake mayarwa.

Ɗan'iya ya juyo. "Kamilu."

"Na'am, Baba."

"Ranar Kebbe ka biyo ka ɗauke shi. Ka aza shi tsakiya, bai saba da doguwar tafiya bisa mashin ba. Karon farko ka nema mashi wanda bai fi shi nauyi ƙwarai ba. In anka kada shi, kak ku yi mashi dariya, kuma kak ku ba shi haƙuri, ku bar shi shi tashi da kainai." Ya dubi Na'iya. "Kai kuma tsohon banza, sai ka nemo mashi take. Ba nawa ba, nashi."

Wuri ya kaure. Samarin suka yi kan Haliru, wannan ya dafa kai, wancan ya matsa damtse, aka ja shi aka zaunar a kan mashin ɗin Kamilu, aka miƙo masa rake. Kowa na magana lokaci ɗaya, ana gaya masa wane ne mugu a 'yan Tambuwal, wane ne mai taɗiyar hagu a 'yan Jabo. Yaron da yake kuka ɗazu ga shi yana dariya, idanunsa na ƙyalli.

Ɗan'iya ya zame ya kama hanyar gida. Da ya kai kwanar masallaci ya tsaya, don a nan yakan jira in yaron ya tsaya gaisawa da wani. Ya jingina da bango ya huta wa gwiwarsa. Daga nan yana jin muryar Haliru cikin ta samarin, tana tashi tana sauka, yana ba su labari. Ya jira har ladan ya fito ya fara alwala. Sannan ya zura rigarsa a kan yashin, ya ƙarasa gida shi kaɗai.